Sati huɗu da fara maganin ciwon hanta C, awo ya ce da saura: in ci gaba ko in daina?

"Assalamu alaikum Dokta. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, shekaruna 46. Bara maiɗakina ta haihu aka nemi jini, na je in bayar sai aka ce ba za a karɓi nawa ba, wai ina da ciwon hanta nau'in C. An auna yawan cutar a jinina aka samu miliyan 2 da dubu 400. Likita ya rubuta mini sofosbuvir da daclatasvir na wata uku. Da na cika sati huɗu na sake yin awo da kuɗina, takarda ta nuna 40, ba ta ce babu ba. Kawuna ya sha wannan ciwo, a 2010 aka yi ta yi masa allurai a Yamai, da aka ga cutar ba ta sauka da wuri ba aka ce ya daina, maganin bai karɓe shi ba. Shi ne yake ce mini kada in ƙara ɓarnar kuɗi, ni ma bai karɓe ni ba, in koma na gargajiya. Na wata biyu ya rage in saya. Don Allah mece ce gaskiyar magana?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya abin da aka samu, kai kuma Allah ya ƙara sauƙi.

In na fahimce ka, tambayarka ita ce ko awon da ake yi a farkon magani yana iya faɗa wa mutum tun yanzu cewa zai warke ko ba zai warke ba. A zamanin kawunka yana iyawa, kuma da shi muke yanke hukunci. Da irin maganin da kake sha yanzu, ƙarfinsa na yin wannan hasashe ya ragu ƙwarai, har manyan ƙungiyoyin likitocin hanta sun daina wajabta shi ga yawancin majinyata. Don haka tun kafin in shiga dogon bayani: kada ka daina, kada ka tsallake ko kwana ɗaya, ka je ka sayi na wata biyun nan. Kawu ba ƙarya ya yi maka ba. Abin da ya gani da idonsa ya faɗa, sai dai dokar wani magani ce ya ɗora a kan wani.

Abin da takardarka take faɗi

Awon ciwon hanta C iri biyu ne, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Na farko shi ne wanda aka yi maka ranar da ka je ba da jini. Wannan ba birus ɗin, wato ƙwayar cutar, yake nema ba, alamar da jiki yake ajiyewa ce in ya taɓa karo da shi, wadda ƴan labo suke kira antikor. Kamar sawun ɓarawo ne a tsakar gida: ya nuna an shigo, bai nuna ko mutumin yana ciki har yanzu ba. Kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu yana korar birus ɗin da kansa a wata shida na farko, amma sawun yana nan. Kai ma bayan ka warke sarai, wannan awo zai ci gaba da cewa kana da shi, mai yiwuwa har ƙarshen rayuwarka. Ka riƙe wannan, don na sha ganin mutum ya warke, ya je wani wuri an yi masa awon gaggawa, ya dawo mini a gigice.

Na biyu shi ne wanda aka rubuta charge virale a saman takardarsa. Shi yana ƙirga birus ɗin kansa a cikin mililita ɗaya na jini, shi ya sa kake ganin UI/mL a gaban lambar. Da shi aka samu miliyan 2 da dubu 400, da shi kuma aka samu 40.

Kai ɗan kasuwa ne, bari in sa maka shi a lissafinku. A ce ana bin ka miliyan 2 da jikka 400, cikin sati huɗu ka biya har saura dala takwas, wato 40. Wa zai ce ka kasa? Cikin kowane 60,000 da ke jininka a farko, guda ɗaya ya rage. Mu likitoci ba ma duban lambar da ɗaiɗai, sifiri muke ƙirgawa: in lamba ta ragu ninki 10 mun cire sifiri ɗaya, ninki 100 sifiri biyu. Kai ka kusa cire biyar. Sai dai wannan bashi yana da mugun hali. In ka tsaya da biya, dala takwas ɗin nan haihuwa za ta yi. An ƙiyasta cewa jikin wanda ba ya shan magani yana ƙera birus kusan miliyan sau miliyan a kwana ɗaya, kowane kuma ba ya wuce awanni kaɗan a jini kafin a share shi wani ya maye gurbinsa. Ka daina yau, cikin ƴan makonni lambar tana iya komawa inda ta fito, kuma wanda zai dawo ɗin wataƙila ya riga ya koyi kauce wa daclatasvir.

Wani abu da zan faɗa a gurguje: girman lambar farko ba shi ne girman ɓarnar da ke hanta ba. Akwai mai miliyan 10 hantarsa lafiya lau, akwai mai dubu 200 tasa ta ƙeƙashe.

Zamanin allura, inda dokar kawu ta fito

A 1989 aka gano birus ɗin C. Kafin nan likitoci sun san akwai wani ciwon hanta da ke bin jinin da aka ƙara wa mutane, ba A ba ne ba kuma B ba, shi ke nan sunansa. Mutum uku da suka yi fice a wannan aiki, Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice, sun karɓi kyautar Nobel a 2020. Maganin farko allura ce mai suna interferon. A 1998 aka haɗa ta da ƙwayar ribavirin, a 2001 kuma aka samu irin da ake yi sau ɗaya a sati. Ita aka yi wa kawunka, ba na shakka.

Wanda bai ga wannan jinya ba ba zai san nauyinta ba. Birus ɗin dangi-dangi ne, muna kiran su jenotip. Mai dangi na 1 ko na 4 sati 48 yake yi yana shan allura, mai na 2 ko na 3 sati 24. Zazzaɓi, makyarkyata, ciwon gaɓoɓi, jini ya ragu, gashi ya zube, abinci ya fita kai, wasu zuciyarsu ta yi baƙi har sai iyali sun sa musu ido. Duk wannan wahala, a dangi na 1 waɗanda suke warkewa ba su cika kai rabi ba. A dangi na 2 da na 3 abin ya fi daɗi, kusan 8 cikin 10.

Ina tuna wani malamin makaranta da na bi jinyarsa lokacin ina koyon aiki. Daren Juma'a yake yin allurarsa, don ya kwana biyu a ƙarƙashin bargo yana rawar ɗari, Litinin ya iya tsayawa gaban allo. Ranar da sakamakon sati 12 ya fito, ya ciro takardar daga cikin hularsa, ya naɗe ta gida huɗu, zufa ta jiƙa gefenta. Ya fara da kusan miliyan 2, ya sauko dubu 600. Murna yake yi, a ganinsa kashi biyu cikin uku sun tafi. Ni kuwa na san ko sifiri ɗaya bai cire ba. Sai da na yi ta juya biro a hannuna kafin na iya faɗa masa cewa za mu tsaya.

Me ya sa muka tsaya? Saboda an bi majinyata masu ɗimbin yawa an ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Wanda ya kai sati 12 bai cire sifiri biyu ba, wato lambarsa ba ta ragu ninki 100 ba, damar warkewarsa ba ta wuce 3 cikin 100, ko da ya jure sauran sati 36 ɗin. Wanda kuma ya kai sati 24 har yanzu ana ganin birus, shi ma a tsaya. A ɗaya gefen, wanda birus ya ɓace masa tun sati 4, kusan 9 cikin 10 irinsa suna warkewa, wani lokaci har a rage masa tsawon jinyar. Tsayar da mutum a sati 12 tausayi ne: a hutar da jikinsa da aljihunsa daga wata tara na azaba marar riba.

Dalilin da ya sa awon farko yake da wannan ƙarfi yana cikin yadda interferon take aiki. Ita ba ta taɓa birus kai tsaye. Jikin mutum take zaburarwa ya yi yaƙin da kansa, jikuna kuwa ba ɗaya ba ne. Wani da an taɓa shi ya tashi, wani ko gezau. Saurin saukar lamba a makonnin farko shi ne yake tona wane irin jiki ne a gabanka. A 2009 aka gano cewa wani gurbi a cikin halittar gado ta ɗan Adam, wanda ake kira IL28B, yana da hannu babba a wannan bambanci, kuma nau'in da ya fi jin interferon bai yawaita a tsakanin baƙaƙen fata ba. To ka ga maganar kawu ta "bai karɓe ni ba" tana da tushe. Wataƙila haka aka halicce shi, babu laifinsa ko na likitansa.

Amma ka lura da abu biyu. Ko a wancan zamani, a sati 12 ake tsayar da mutum, ba a sati 4 ba. Na biyu, injinan awo da yawa na lokacin ba sa ganin abin da ya gaza 50. Da a ce jininka na yau aka kai wa irin injin da aka yi wa mutane da yawa awo da shi a shekarun 2000, "babu" zai rubuta, a sa ka a sahun masu sa'a. Na yanzu suna ƙirga har 15, ko 12, ko 10, suna ma iya cewa sun hango wani abu ƙasa da haka wanda ba sa iya ƙirgawa. Ido ne ya ƙara kaifi.

Da ƙwayoyi suka zo

A 2011 aka fara samun magungunan da suke kai wa birus ɗin hari kai tsaye, telaprevir da boceprevir, amma da allura ake haɗa su, don haka dokokin tsayarwa suka ci gaba, har suka ƙara yawa. Juyin gaskiya ya zo a Disamba 2013, da Amurka ta amince da sofosbuvir. Farashinsa na farko a can dalar Amurka 84,000 ne na sati 12, ƙwaya ɗaya dalar Amurka dubu. Da kamfanonin Indiya da Masar suka fara yin nasu, farashi ya faɗo har irinmu muka iya rubuta shi a ordonansi ba tare da jin kunya ba. Daclatasvir ya biyo baya a 2014, haɗin sofosbuvir da velpatasvir a 2016, na glecaprevir da pibrentasvir a 2017. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk babban da aka samu da birus a jininsa a ba shi magani, da haɗin da yake aiki a kan dukkan dangogi, kuma naka yana cikinsu. Masar, wadda a da ta fi kowace ƙasa shan wannan ciwo saboda alluran maganin tsargiya da aka yi ta yi wa jama'a da sirinjin da ba a tsabtace sosai ba a shekarun baya, ta auna mutane sama da miliyan 50 a gangamin da ta fara a 2018, ta yi wa miliyoyi magani, yawanci da wannan haɗi naka.

Waɗannan ƙwayoyi ba sa jiran jikinka. Sofosbuvir yana shiga injin da birus yake kwafar kansa da shi ya toshe, daclatasvir kuma yana hana shi harhaɗa sababbi. Saboda haka kusan kowa lambarsa rugujewa take yi tun kwanakin farko, mai jiki mai zafi da mai jiki mai sanyi. Fiye da 95 cikin 100 suna warkewa.

Nan ne awon sati 4 ya rasa aikinsa. Jarrabawar da kowa yake ci ba ta raba gwani da rago. A zamanin allura ana neman a ware rabin da za su faɗi daga rabin da za su ci, awon farko kuma yana yin wannan aiki. Yanzu in na rufe ido na ce wa duk wanda ya shigo ofishina "za ka warke", cikin 100 zan yi daidai sau 95 ko fiye, ban auna komai ba. Sai awo ya fi wannan iya gani kafin ya cancanci kuɗinsa, kuma da aka bincika bai fi ba. An bi mutanen da aka ga sauran birus a jininsu a sati 4, mafi yawansu sun warke daidai da sauran. Har an samu waɗanda ranar da suka haɗiye ƙwayar ƙarshe ana ganin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, bayan wata uku aka auna babu komai. Su kuwa ƴan kaɗan ɗin da suke faɗuwa, yawancinsu takardarsu ta sati 4 fes take, "babu" ta ce, sai bayan an gama magani birus ya sake ɗagowa. Wato awon yana tsorata wanda zai warke, yana kwantar da hankalin wanda zai faɗi.

Yaya za a ga birus a jini kuma mutum ya warke? Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne injin awo guntayen halittar birus yake ƙirgawa, ba ya bambance mai rai da gurgu. Tunda magani ya lalata wurin harhaɗawa, abin da yake fitowa daga hanta a wannan lokaci yawanci ɓarɓashi ne da ba ya iya kama sabon wuri. Sauran kuma jiki yana sharewa a hankali.

Ba zan ce saurin sauka ba shi da wata ma'ana ko kaɗan ba. A wani tsohon haɗi, sofosbuvir da ribavirin kaɗai, an ga masu dangi na 3 da suka yi jinkiri sun fi faɗuwa, amma wannan haɗi rauni gare shi kuma an bar shi. Akwai kuma masu bincike da suke gwada amfani da awon farko don a gajarta wa masu saurin sauka jinya, a rage kuɗi. Gwaje-gwajen ƙanana ne, ba su zama doka ba, kuma ba na yarda majinyacina ya yanke wa kansa sati 12 zuwa 6 don takarda ta yi kyau. Wannan kuskure ya fi naka yawa a wurinmu: mutum ya ga "babu" a sati 4, ya ce ya warke, ya ajiye kuɗin wata biyu.

Inda awon tsakiya yake da amfani har yanzu shi ne in ina shakkar ko maganin yana shiga jiki. Da a ce takardarka ta nuna dubu 900 bayan sati huɗu, da na zauna da kai mun yi magana mai tsawo: kana sha kuwa? A ina ka saya? Me kake haɗawa da shi? Tsohuwar shawarar likitocin hanta na Amurka ita ce in an ga birus a sati 4 a sake awo a sati 6, sai in ya hau fiye da ninki 10 a tsaya. Hawa ake tsoro, ba ɗan saura ba. Naka 40 ɗin, a wurina, shaida ce cewa maganin da ka saya na gaske ne kuma kana shan sa.

To me yake kayar da mutum yanzu?

Na farko kuma mafi yawa a abin da nake gani, yankewa. Kuɗi ya ƙare a wata na biyu, ko farmasi ta ce babu sai an aiko daga Yamai ko Kano, ko tafiyar fatauci ta kama mutum ya bar kwalba a gida. Shi ya sa nake so majinyaci ya haɗa na wata ukun a hannu tun da wuri in da hali. Ni ba na tambayar mutum "kana sha kullum?", don kowa "eh" yake cewa. Cewa nake ya zo da kwalbar, in zazzage a kan farar takarda mu ƙirga tare. Kwalba ƙwaya 28 ce. Wani dattijo daga wajen Madarunfa ya zo mini a kwana na 14 da kwalba wayam. Ashe ƙanensa ma an same shi da ciwon, shi kuwa ba zai iya sha yana kallonsa ba, sai suka raba. Zumunci ne ya sa, amma da ba mu ƙirga ba da dukansu biyu sun tashi a tutar babu. In ka manta kwana ɗaya ko biyu, ka ci gaba kawai, kada ka ninka. In ya kai sati, ka koma wurin likitanka kafin ka yi komai. Azumi ba hujja ba ne: sau ɗaya ake sha a kwana, ka tsayar da lokaci guda, bayan buɗa-baki ko da sahur.

Na biyu, wasu magunguna da suke cinye ƙarfinsa ba ka sani ba. Rifampicine na tarin fuka, wanda yake mayar da fitsari ja, shi ne babba, ba a haɗa su sam. Haka magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenobarbital da phenytoine. Mai shan efavirenz na cutar sida sai an ƙara masa daclatasvir daga miligiram 60 zuwa 90. Masu shan velpatasvir ko ledipasvir kuma, maganin gyambon ciki irin omeprazole yana rage shigarsa jini, ga shi mutanenmu suna sayen sa kamar alewa. Amiodarone na bugun zuciya shi ba ƙarfin magani yake ragewa ba, zuciyar yake iya sanyayawa har ta kai ga haɗari. Duk abin da kake sha, har da jiƙe-jiƙe da saiwoyi, ka zuba a leda ka kai wa likitanka ya gani. Kan na gargajiya da kawu ya ambata, babu wani tsiro da aka tabbatar yana fitar da wannan birus daga jini, wasu kuwa hantar suke ƙara wa aiki, ita da take neman hutu.

Na uku, halin da hantar take ciki. In ciwo ya daɗe, hanta tana yin tabo a kan tabo har ta taurare, abin da muke kira siroz. Cikin masu ɗauke da birus, tsakanin 15 zuwa 30 cikin 100 suna kai wa nan a shekara 20. Mai siroz, musamman in dangi na 3 gare shi, sati 12 na sofosbuvir da daclatasvir suna iya gaza masa, shi ya sa ake kai shi sati 24. Wannan ita ce tambayar da ta fi ta sati 4 muhimmanci a kanka, kuma ba ka faɗa mini amsarta ba: an duba hantarka kafin a fara? Ba sai da babban inji ba. Da awon ASAT, wani awon jini na hanta, da na plaket, wato ƙwayoyin da suke tsayar da jini, ana yin wani ɗan lissafi mai suna APRI, a haɗa da eko, wato hoton ciki. In likitanka ya yi wannan ya ce wata uku, to wata uku ne. In ba a yi ba, yanzu ne lokacin yi, tun kana tsakiyar magani ana iya ƙara tsawonsa.

Akwai na huɗu wanda ya shafe mu mu ƴan Afirka. Yawancin manyan gwaje-gwajen waɗannan magunguna a Turai da Amurka da Asiya aka yi su, kan rassan birus da suka yawaita can. A Afirka ta Yamma dangi na 1 da na 2 suka fi yawa, kuma suna da rassa barkatai da ba a cika gani a waje ba. A Ruwanda an gwada sofosbuvir da ledipasvir, aka ga masu wani reshe da ake kira 4r ɗan fiye da rabi ne kawai suka warke, alhali sauran sun haura 9 cikin 10. Don haka "95 cikin 100" ɗin nan ina faɗar sa ne da ɗan taka-tsantsan. Amma ko a nan, awon sati 4 ba shi ne yake tona irin wannan reshe ba. Awon ƙarshe ne.

Tunda ina kan tambayoyi: an auna maka ciwon hanta B? A ƙasarmu B ya fi C yawa nesa ba kusa ba, kuma in mutum yana da su biyu, kashe C yana iya sa B ya farka da ƙarfi. Hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2016. Awon yana da araha, AgHBs ake rubutawa. In idonka ya yi rawaya irin na shawara, ko fitsari ya yi duhu, ko ciki ya fara kumbura, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka tafi asibiti.

Awon da ya cancanci kuɗinka

Guda ɗaya ne: charge virale sati 12 bayan ƙwayar ƙarshe. Ba ranar da ka gama ba, sati 12 bayanta. Saura sati 8 ka gama, ka ƙara 12, wato sati 20 daga ranar da aka ɗebi jinin nan naka. Ka rubuta ranar a littafin shago. In takardar wannan rana ta ce indétectable, wato babu, ka warke, kuma dawowar birus bayan nan ba ta kai 1 cikin 100 ba. Mutanenmu da yawa suna kashe kuɗin awo a tsakiya don zumuɗi, in lokacin na ƙarshe ya zo aljihu ya bushe, su ɓace, ni da su ba wanda ya san yadda aka ƙare. Da ka zo wurina kafin ka yi na sati 4, da na ce ka adana kuɗin. Tunda an yi, an yi, amma kada ka sake wani kafin wancan sai in likitanka ne ya nema da dalili.

In kuma aka yi rashin sa'a ya dawo, ba ƙarshen hanya ba ne. Akwai haɗi mai magani uku, sofosbuvir da velpatasvir da voxilaprevir, da aka yi musamman don waɗanda na farko ya kasa, sai dai samunsa a nan da wuya da tsada. Wannan ma wani dalili ne na kada a yi wasa da zagayen farko.

Warkewa ba rigakafi ba ce. C ba shi da allurar rigakafi kamar B, ana iya sake kamuwa. Askar wanzami, ƙaho, cire beli, mai yankan farce da yake zagaya kasuwa da almakashi ɗaya, allurar da ba ta asibiti ba da sirinjin da aka yi wa wani: nan yake bi. Ka sayi rezarka da abin yankan farcenka. Cin abinci a kwano ɗaya ko gaisawa ba ya kawo shi, kada a ware maka kofi a gida. Tsakanin miji da mata ba kasafai yake wucewa ba, duk da haka a auna maiɗakinka sau ɗaya hankali ya kwanta. Wanda kuma aka samu da siroz, ko ya warke daga birus sai ya riƙa yin eko duk wata shida, don haɗarin kansar hanta raguwa yake yi, ba ya gushewa.

Duk wannan na faɗa ne a kan abin da ka rubuto. Ban taɓa cikinka ba, ban ga idonka ba, ban ga kwalbar da ka saya ba. Likitan da ya rubuta maka maganin ya fi ni sanin jikinka, ka kai masa takardar 40 ɗin da waɗannan tambayoyi uku: hanta, B, da sauran magungunan da kake sha.

Saura maganar kawu, kuma ita ta fi damuna. In an tsayar da shi a 2010 kuma ba a sake yi masa wani magani ba, to mai yiwuwa birus ɗin yana jikinsa har yau, yana aiki shiru shekara da shekaru. Rashin karɓar allura ba ya hana ƙwayoyi aiki. Malamin makarantar nan da na ba ka labari, shekaru bayan haka ya sha na sati 12 yana zuwa aji ko fashi bai yi ba, takardarsa ta ƙarshe ta ce babu. Ba sai ka yi gardama da kawu ba, babba ne. Ka ce masa likita yana gaishe shi, yana kuma roƙon ya rako ka ranar da za ka koma, ya zo da tsofaffin takardunsa na Yamai in suna nan. A ɗebi jininsa, a duba hantarsa da eko.